Ɗan Ƙaramin Adon Duwatsu: A Bar Shi a Matsayin Kyauta

Makalar wannan makon kan ɗan aikin nan ne da muka fara koyo tare, wato ɗinkin da zare ke gicciyawa kamar harafin X, a jera masa ƙananan duwatsun ado, a yanke shi ya zama abin rataya a makulli, madubin mota ko jakar hannu. A Amurka da Ingila a jikin bishiyar Kirsimeti suke rataye irinsa. Mu dai mun samo masa namu amfanin.

Tun da muka fara sa hotunan ayyukanmu, tambaya ɗaya ke ta shigowa: nawa za a yi mana guda ɗari na rabon biki? Shawararmu ita ce kada kowa ta karɓi wannan oda.

Mu yi lissafi. Yadin Aida da aka fi amfani da shi yana da gida 14 a kowane inci. Ado mai faɗin inci biyu da tsawon inci biyu gida 28 ne sau 28, wato gida 784. Kowane gida sai allura ta shiga ta fita. Zaren DMC sili shida ne a haɗe, sai an raba an ɗauki biyu. Duwatsun kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗaura su, da siririyar allurar da zura mata zare kaɗai aiki ne, kuma dole duk su kwanta ɓangare guda, in ba haka ba adon ya fito a karkace. Bayan nan ga liƙa ƙyalle a baya don ɓoye ƙulle-ƙulle. Mu da hannunmu bai gama faɗawa ba, guda ɗaya kan ci mana dare uku bayan yara sun kwanta. Guda ɗari fa? Uwar amarya kuwa a ranta tana auna shi da kofin roba da ake sarowa dozin-dozin a buga masa sunan ango da amarya. Ba za ta biya kuɗin dare uku ba, kuma ba laifinta ba ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubi masu ɗinkin hula: mace ta shafe makonni tana duƙe, ido na ruwa, baya na ciwo, dillali ya zo ya taya da abin da bai wuce kuɗin zare da cefanen kwana biyu ba.

Wata za ta ce ai sana'a sa'a, kuma zamanin nan kowa na neman na sabulu. Gaskiya ne, ba mu hana sayarwa ba. Mai son guda ɗaya da sunan ɗiyarta ko mijinta a jiki, a yi mata, a faɗi farashin da ya ƙunshi lokacin da aka ɓata, in ta ga ya yi tsada a rabu lafiya. Amma inda wannan aiki ya fi daraja shi ne kyauta: na ƙawar da ta haihu, na Hajiya da ta dawo daga Makka, na ɗalibar da ta yi sauka ta sa a shafin Alƙur'aninta.

Masu farawa su zaɓi zane mai launi uku kacal, su zuba duwatsun a faranti mai ɗan zurfi da aka shimfiɗa wa ƙyalle, kuma a nisanta shi da yara masu rarrafe, don komai bakinsu yake zuwa. Wadda ta gama nata ta sa mana hoto a ƙasa, tare da kwanakin da ya ɗauke ta.