Agogon zamani mai araha: a Tozai, batir ne gaba da ado

Abin da ke fara jan idon saurayi a agogon zamani mai araha shi ne siffa: faffaɗan allo, madauri mai sheƙi, kamannin Apple Watch. To amma fankam-fankam ba shi ne kilishi ba. Shi kansa Apple Watch na gama-gari, awa 18 kamfaninsa ya daɗe yana cewa batirinsa na yi, balle jabunsa.

A Tozai da ƙauyukan Isa da Sabon Birni, inda yawanci sai an biya mai sola ko janareta ake caji, agogon da ke neman wuta kullum ƙarin ɗawainiya ne. Allon da ba ya mutuwa da amsa kira ta Bluetooth su ke zuƙe batir. Saƙonni kuwa daga waya suke shigowa. Ranar da babu sabis, kamar lokacin da aka katse layukan sadarwa a yankin a 2021, abin da zai rage shi ne lokaci, ƙararrawa da ƙidayar taku. Awon hawan jinin da ake tallatawa kuma ba abin dogaro ba ne, aikin asibiti ne.

Mai saye ya nemi batirin da zai kai mako, allon da ake gani a tsakar rana, da alamar IP68 saboda ƙurar hunturu. Ado ya biyo baya.