Taswira ta ce kore, ƙasa ta ce guba

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar sa ido kan daji ya san yadda lissafin yake. Tauraron ɗan adam ya ɗauko hoto, kwamfuta ta ƙirga ɗigon da ya yi kore, a fitar da rahoto, masu ba da tallafi su tafa. Inda bishiya ke tsaye an ci nasara, inda aka sare ta an yi asara. Ni sana'ata ke nan, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan awon ya zama mayafin da ake rufe ɓarna da shi.

Mu je Madre de Dios, yankin dajin Amazon da ke kudu maso gabashin Peru. Masu haƙar zinare a can suna cuɗa zaiba, wato makuri, da lakar kogi. Zaibar ta kama ƙwayoyin zinaren su dunƙule, sai a sa wuta, zaibar ta tashi tururi, zinaren ya rage. Ina tururin ya nufa? Binciken da Jacqueline Gerson da abokan aikinta suka wallafa a 2022 ya bi sawunsa har dajin Los Amigos, dajin da ake karewa, wanda gatari bai taɓa ba. Ganye na shaƙar zaibar ta ƙofofin da yake numfashi, wata kuma ta manne a bayansa. Ruwan sama ya wanko ta, ganyen ya bushe ya faɗo ya ruɓe, ƙasa ta adana. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne filin da aka riga aka share bai tara gubar kamar dajin da ke tsaye ba, domin babu ganyen da zai tare ta. Wato inda taswirarmu ta fi yin kore shar, nan ne rumbun gubar. Har a gashin tsuntsayen dajin an same ta.

Kada mai saran daji ya yi murna ya ce to a sare a huta. Tun shekarun 1990 Marc Roulet da Marc Lucotte suka nuna cewa ƙasar kwarin kogin Tapajós a Brazil ta daɗe tana tara zaiba tun kafin zuwan masu haƙa, tana riƙe da ita a jikin sinadaran ƙarfe da alminiyon da ke cikinta. Da zarar an sare daji, zaizaya ta kwashe ƙasar zuwa kogi. A cikin laka marar iska ƙwayoyin bakteriya su mayar da zaibar wani nau'in da jiki ke riƙewa. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙaramin, uwa ta ci babban, ɗan tayi ya gada a ƙwaƙwalwa. Da cibiyar Fiocruz ta auna mutanen ƙabilar Munduruku a ƙauyuka uku, ta bayyana a 2020 cewa kusan shida cikin goma sun haura mizanin da ake ɗauka babu haɗari. Gaba kura, baya sayaki: a bar daji ya yi ta tarawa, a sare shi ya amayar.

Saboda haka maganar ba ta bishiya ba ce, ta wutar da ake hurawa ƙarƙashin zaibar ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce ƙananan masu haƙar zinare ne ke fitar da kusan kashi 38 cikin ɗari na zaibar da ɗan adam ke sakewa a iska, fiye da kowane fanni. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta ɗauki sunan garin Japan da aka gano cutar zaiba a cikinsa a 1956, amma ba ta haramta wa masu haƙa amfani da ita ba. Cewa ta yi ƙasashe su rubuta tsarin ragewa. Takarda dai.

Gwamnatin Peru ta tura sojoji da 'yan sanda La Pampa a watan Fabrairun 2019, aka kori masu haƙa, taswira ta nuna saran daji ya ragu a wurin, aka yi ta yabo. Zaibar da ta riga ta shiga ƙasa ba ta bi su ta tafi ba. Kuma korar talaka mai tire da shebur aiki ne mai sauƙi idan aka kwatanta da tambayar matatun Switzerland da kasuwar Dubai daga ina zinarensu ya fito. Zinare in ya narke ba ya faɗin garinsu. Daga nan ya shiga sarƙar amarya, ya shiga taskar babban banki, ɗan kaɗan kuma ya shiga cikin wayar da muke duba taswirar da ita.

Abokan sana'ata za su ce tauraro ba ya ganin zaiba, sai a yi da abin da ake iya aunawa. Gaskiya ne ba ya gani. To ku rubuta hakan ɓaro-ɓaro a saman allon, ku daina sa wa ɗigon kore sunan "lafiyayyen daji", ku ware kuɗin da za a aika mutum da kwalba ya ɗebo ƙasa da ruɓaɓɓen ganye a auna.