Ɗan Issa: Garkar Bayan Gida Ba Aikin Wasa Ba Ce

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, tukunyar miya ce ke fara shan wuya a gidajen Ɗan Issa. Tumatir na rani ya ƙare, wanda ya rage ya yi tsada, hatsin rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. A wannan tsakanin ne tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke haɗuwa a kan ƙananan yara, abin da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a gundumar Madarumfa.

Garin yana kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, kuma kasuwarsa da iyaka take numfashi. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, an sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Maris na 2024. Ga kuma 'yan bindiga, waɗanda suka sa gonar nesa ta zama abin fargaba a ƙauyukan bakin iyaka. Abincin da yake cikin danga, kusa da ɗakin girki, shi ne wanda ba ya jiran a buɗe shinge ko a samu lafiyar hanya.

Abin bai buƙatar babban fili. Kuɓewar da aka shuka da ruwan farko tana fara 'ya'ya cikin wata biyu, kuma idan ana tsinkarta duk bayan kwana biyu ko uku kafin ta ƙosa, za ta yi ta bayarwa har kaka. Alayyafo ya fi ta sauri. Yakuwa, rama da lalo ba su da wuyar sha'ani, kabewa kuwa danga ko rufin rumfa ya ishe ta. Zogale, wanda manoman Jiratawa suka mayar da shi sana'a, yana jure rani idan ya kama ƙasa. Gwanda na iya yin 'ya'ya cikin shekara guda. Lemun tsami, gwaiba da mangwaron aure na son haƙurin 'yan shekaru. Ranar 3 ga Agusta, da ƙasa ke dashen itatuwa, lokaci ne mai kyau na sa su a gida. Rarar kuɓewa da ganye kuma a shanya, a adana don rani.

Matsalolin sanannu ne: awaki, rashin iri mai kyau, da magungunan feshi marasa takarda da ke yawo a kasuwanni. Nan ne 'yan ci-rani da matasan birni ke da rawar takawa. Kuɗin cefanen da ake aikowa yakan ƙare cikin mako. Kuɗin waya ta shinge, iri da 'yan dashe yana ciyar da gida shekaru. Ya kamata ma'aikatar gona da cibiyar binciken INRAN da ke Tarna su kai iri da horo har hannun mata, tunda su ne ke riƙe da yawancin waɗannan garake, tare da jan kunne kan barin ruwa ya kwanta ya haifi sauro.

Garka ba za ta maye gurbin gona ba, ba kuma za ta hana matashi neman arziki ba. Amma Ɗan Issa ba ta manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da ramin zinariya ya rufta a Garin Liman ya hallaka aƙalla mutum 18. Ƙasar da ake haƙa da rai a hannu, ita ce dai ke ba da miya a bayan ɗaki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.