A Daina Fakewa Da Ƙaddara

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetara madatsar Watari zuwa Bagwai a Jihar Kano, maƙare da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Bai kai gaci ba. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. A 2022, cikin hidimar ƙaramar Sallah, wani ya kife da yara a Mai'aduwa ta Jihar Katsina. A 2023 kuma 'yan biki sama da 100 suka nutse a Patigi ta Jihar Kwara.

Masifar ba ta tsaya a ƙasar nan ba. A tsibiran Zanzibar na Tanzaniya, inda jirgin ruwa yake tamkar motar haya, jirgin Spice Islander ya nutse a 2011 tsakanin Unguja da Pemba da ɗaruruwan bayin Allah. Can da Bagwai sanadin ɗaya ne: lodin da ya wuce kima.

Abin takaici, da an yi jana'iza sai a ce ƙaddara ce, a rufe maganar. Lalle babu mai musun ƙaddara. Amma shin ita ce ta ce a ɗora wa jirgi ninkin abin da zai iya ɗauka don kwaɗayin kuɗin fito? Ita ta ce a shiga ruwa da almuru ba rigar kariya ko ɗaya? Mahukunta kuwa, ta'aziyya da kwamiti suka iya, sai kuma wani ya sake kifewa.

Wannan jan kunne ne ga matasan Dutsin-Ma da Kurfi, domin madatsar Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa tana nan kusa, kuma ruwa ba ya sabo. Matasa ne ke tuƙi, su ne ke rakiyar ƙanne. Duk wanda ya ga jirgi ya cika, to ya ƙi shiga, ya kuma hana a saka yara, ko da za a kira shi matsoraci. A raba mutane sahu biyu. Idan hadari ya haɗo, a dakata. Gara a makara wajen taro da a kwana ana laluben gawa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare na baya.