Fitilar Murjani a Kan Tankin Tarwada

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa masu kiwon kifi na ƙarshen mako, wato ma'aikatan da ke zaune a birnin Kano amma suka kafa tankin tamfol a bayan gidan gado, a Madadi ko wani gari na Gwarzo da Kabo. Mutum zai ga bidiyon wani Bature yana rataya fitilun LED masu shuɗin haske a kan akwatin gilashi mai cike da murjani, abin ya burge shi. Sai ya biya Sabon Gari ya sayi doguwar fitila, ranar Lahadi ya ɗaure ta a jikin gora, ya jawo waya daga soket ɗin ɗaki, ya murɗe mahaɗar da hannu ya naɗe da salatif. Ya ɗauki hoto ya tura zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinsu. Ranar Litinin yana ofis. Wanda zai riƙa tsoma hannu a ruwan nan safe da yamma ƙanensa ne, ko ɗan yayarsa, ko yaron da ake ba ɗan abin sabulu a ƙarshen wata.

Wannan ganganci ne, kuma ilimin mai yin sa ya ƙara masa muni.

Baturen nan yana da dalilinsa. Murjani dabba ce, ko da yake a ido ya fi kama da dutse ko tsiro, kuma a cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka waɗanda ke sarrafa hasken rana su samar da abinci, su ciyar da shi mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. Shi ya sa tsibiran murjani suke a ruwa mai garau marar zurfi sosai, irin na Bahar Maliya da ke gaban Jidda ko gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya. Ruwan teku yana fara shanye jan haske, shuɗi ne ke nutsawa can ƙasa, don haka da shuɗin murjani ya saba. Wanda ya ɗauko shi ya sa a falo dole ya ƙirƙira masa rana, in ba haka ba ya koɗe ya mutu. Fitilar LED mai shuɗin haske, wadda ta jawo wa Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, ita ta sauƙaƙa wannan aiki, domin tana ba da hasken da ake so ba tare da dafa ruwan ba.

To, tarwada fa? Kifi ne na taɓo da duhu. Idanunta ƙanana ne, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma da dare ta fi kazar-kazar. Masuntan dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye ba su buƙaci littafi kafin su san haka ba. Masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi suna rufe tankunansu su hana haske shiga, saboda an daɗe da lura cewa 'ya'yan tarwada sun fi girma a duhu, haske mai yawa kuma yana tayar musu da hankali, su yi ta cizon juna, manya su haɗiye ƙanana. Wanda ya kunna fitila a kansu dare farai ya kashe kuɗi ya sayo wa kifinsa damuwa. An kwaikwayi siffar aikin, an bar dalilinsa a cikin bidiyo.

Da asarar ta tsaya a kan kifi, da sai a ce ruwansa ne, dukiyarsa ce. Amma wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya bolt 230 ce, ko daga layin gwamnati ta zo, ko daga janareta, ko daga inbata ta sola. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta. Jiƙaƙƙen hannu da ƙafar da ke tsaye ba takalmi a kan damshin ƙasa kuwa suna rage wannan kariya har turjiyar jiki ta sauko kusan om 1,000. Lissafin na ɗan sakandare ne: 230 a raba da 1,000, ya ba da miliamfiya 230. Tun daga wajen miliamfiya 10 zuwa 20 tsokar hannu ke ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma ƙasa da rabin waccan 230 ɗin ya isa ya rikita bugun zuciya. Fis ɗin gidan ba zai ce uffan ba, domin an yi shi ne ya kare waya daga ƙonewa, sai wuta ta kai amfiya da yawa yake yankewa. Salatif kuma, wanda ya sha ranar Afrilu ya saki, ba ya tare ruwan Agusta. Gorar da aka ɗaura fitilar a kai iskar hadari ɗaya ce tsakaninta da cikin tanki.

Abin takaicin shi ne su masu murjanin sun fi kowa tsoron wannan. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, yana kuma ɗaukar wuta fiye da ruwan rijiya, don haka suna kafe fitila da ƙusa mai ƙwari a bango ko rufi, su bar wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya zube a hanya, su sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurara. Wannan sashe na bidiyon ba shi da kyan kallo, shi ake tsallakewa.

Masu kare abin suna da hujja biyu, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ɓarayi: kifin da ya kai girman sayarwa dukiya ce a fili. Sai dai ɓarawo ta katanga yake shigowa, saboda haka katanga da ƙofa ne ke buƙatar haske, a kan falwaya mai nisa da ruwa. Ta biyu ta fi ƙarfi. Abincin kifi shi ke cinye mafi yawan jarin mai kiwo, fitila kuma tana tara ƙwari, su faɗa ruwa tarwada ta samu nama kyauta, musamman da farkon damina in shinge ya fito bayan ruwan sama. Wannan dabara ce ta gaske. Amma awa biyu ko uku bayan Magariba sun wadatar, kuma ƙaramin kwan fitila mai bolt 12 da ke shan wuta kai tsaye daga batirin sola yana yin aikin, ba tare da an kawo 230 kusa da ruwa ba.

Babu mai cewa kada mutum ya yi aikin hannu a gidansa. Garuruwan nan cike suke da matasa masu haɗa sola da gyaran famfon burtsatse, kuma da yawansu sun fi mai digirin sanin abin da waya ke yi. Laifin na wanda ya iya karanta kwali ne ya ƙi karantawa. A jikin fitilar da aka yi don waje akwai lamba: IP65 na nufin tana jure ƙura da feshin ruwa, IP67 na nufin ko ta faɗa ruwa na ɗan lokaci ba zai shige ta ba. Wadda ba a ce komai a kanta ba ta cikin ɗaki ce. In kuwa dole sai an jawo wutar gida, saboda injin tura ruwa ko na busa iska, to akwai na'urar RCD mai katsewa a miliamfiya 30 cikin ƙiftawar ido, akwai kuma masu aikin lantarki da hukumar NEMSA ke ba takardar shaida. Na'urar tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Ya kamata yaron da ke ciyar da kifin ya san inda take, ya kuma ga an danna maɓallin a gabansa wutar ta ɗauke, kafin maigida ya kama hanyar Kano.