Raddi Ga Mai Cewa Firaktal Ado Ne Kawai

Wani malamin lissafi a nan Bauchi yana karantar da ɗalibansa cewa firaktal, wato siffar da kowane yankinta ya yi kama da ita kanta, ƙawar kwamfuta ce kawai. Allah gafarta malam, hujjojinka uku ne, ga kuma amsarsu.

Ka ce kwamfuta ce ta haife ta. Tarihi bai ba ka gaskiya ba. Georg Cantor ya fito da tasa a 1883, Helge von Koch na Suwidin ya zana layinsa a 1904, duk da alƙalami da takarda. Benoit Mandelbrot suna ya raɗa mata a 1975, kwamfuta kuwa fito da ita fili kawai ta yi.

Ka ce tsawo awo ɗaya gare shi. A nan ne tuntuɓen ya fi muni. A je madatsar ruwa ta Gubi a auna bakin ruwan da igiya mai mita 100, a sake da sanda mai mita 1, a sake da taƙi. Duk sanda ma'auni ya ƙanƙance, tsawon ƙaruwa yake yi, domin ƙarami yana shiga lungu da saƙon da babba ya tsallake. Lewis Richardson ya tarar Sifen ta rubuta iyakarta da Fotugal kilomita 987, Fotugal kuma ta rubuta 1,214, alhali iyaka guda ce. Daga binciken Richardson ne Mandelbrot ya gina maƙalarsa ta 1967 kan gaɓar tekun Birtaniya. Layin Koch ma haka yake: a kowane mataki ana raba kowane sashe gida uku, a mayar da shi gida huɗu, har tsawon ya wuce duk adadin da aka ambata, alhali zanen bai fita daga takarda ba. In wannan ba lissafi ba ne, mene ne?

Ka ce halitta ba ta maimaita kanta har abada, reshen kuka yana da ƙarshe. Gaskiya ne. To amma babu cikakkiyar da'ira a halitta, kuma ba ka daina koyar da da'ira ba. Hanyar iska a huhunka tana rabuwa biyu-biyu kusan sau 23, da haka shimfiɗa mai gomman murabba'in mita ta samu wuri cikin ƙirji ɗaya. Dubi kwazazzaban da ruwan damina ke yanka a gindin duwatsun Bauchi: ƙanana na zuba cikin manya, kamanninsu ɗaya.

Namu masu zaƙewa ma su yi hattara. Ron Eglash ya nuna tsarin firaktal a gine-ginen garin Logone-Birni na Kamaru cikin littafinsa na 1999, amma ba kowace zayyanar soro ce firaktal ba. Sai an auna.

Malam, ka ɗauki ɗalibanka da igiya ku je Gubi ku gwada, sannan mu ci gaba da muhawara.