WACE TSARABA CE TA FI DAƊEWA?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in ɗan yi tsokaci a kan wata al'ada tamu mai kyau wadda muke nema mu mayar da ita kaya mai nauyi, watau tsaraba. A ganina, tsarabar da ta fi amfani ita ce wadda ta fito daga ainihin ƙasar da aka je, aka kuma haɗo ta da labari. Ga dalilina.

A dogon hutun da ya wuce, kawuna ya tafi da ni Ikko. Muka tashi daga Bungudu da sassafe, muka bi ta Gusau da Tsafe da Funtuwa, gabanmu yana faɗuwa saboda halin da hanya take ciki. Allah ya tsare. Muka haye kogin Kwara a gadar Jabba, muka ratsa Ilori da Badun, muka sauka a wurin 'yan'uwanmu Hausawa a Agege.

Daga can aka kai ni Badagari. Na ga gidan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko irin na Turawa a Nijeriya. Muka shiga jirgin ruwa muka tsallaka zuwa tsibirin Gberefu, inda a da ake loda bayi cikin jirage a tafi da su, ba dawowa. Daga cikin waɗanda aka kai Barazil har da Hausawa, kuma su ne suka shirya tawaye a Bahiya a 1807. Nan na fara ganin teku. Lalle gani ya kori ji!

Da za mu dawo, sai kawu ya shiga kasuwa ya yi ta sayen agoguna da tocila da takalman roba, wai don kada a ce ya je Ikko ya dawo hannu rabbana. Kuɗinsa suka ƙare ƙaf, har sai da ya ci bashin kuɗin motarmu. Abin mamaki, duk kayan nan a jikinsu an rubuta ƙirar ƙasar Sin ne, kuma ga irinsu nan jibge a kasuwar Gusau. Kafin wata biyu agogunan sun tsaya, amma bashin yana nan yana tafiya.

Ni kuwa da ba ni da ko sisi, kwakwa biyu na riƙo, da ruwan teku cikin kwalba, da ɗan littafin da nake rubuta abin da na gani. Ƙannena suka yi ta yi mini dariya. Amma da kakata ta ɗanɗana ruwan nan ta ji gishiri, sai ta yi shiru, can ta ce, “Ashe gaskiya Baba ya faɗa.”

Daga nan ta shiga ba mu labarin mahaifinta, wanda ya tafi aikin Hajji ta ƙasa a zamanin Turawa. Ya bi ta Kano da Maiduguri, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan. Guzurinsa ya ƙare, ya tsaya ƙwadago a gonakin audugar Jazira, kamar yadda alhazanmu da yawa suka yi, har ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Sai da ya shekara bakwai sannan ya dawo. Tsarabar da ya kawo ta daɗe da ƙarewa, amma labarinsa na ruwan da ba shi da gaɓa, mai ɗanɗanon gishiri, yana nan a zuciyar 'yarsa. Ko mahaifina bai taɓa jin wannan labari ba sai ran nan. Da ban kawo kwalbar nan ba, wataƙila da labarin ya bi Kaka kabari. Yanzu kam na rubuta shi.

Na san wani zai ce, “Yaro man kaza! Ai tsaraba zumunci ce, kuma yara ba su cin labari.” Wannan gaskiya ne, ban kuwa ce a daina ba. Alhaji ya kawo zamzam da dabino, wanda ya je Kurmi ya riƙo goro ko kwakwa, wanda ya je Argungu ya taho da busasshen kifi. Duk waɗannan suna ɗauke da ƙanshin ƙasarsu. Abin da nake ƙi shi ne mu riƙa auna matafiyi da girman jakarsa, har tsoron bakin mutane ya jefa shi cikin bashi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, idan ɗan'uwa ya dawo daga tafiya, a fara tambayarsa me ya gani kafin a leƙa jakarsa. Mu kuma ɗalibai, duk inda za mu, ko da Kwatarkwashi ce kallon dutse, mu riƙe littafi da alƙalami. An ce tafiya mabuɗin ilmi, to amma ilmin da ba a rubuta ba yana da saurin gudu. Daɗin daɗawa, mu zauna kusa da tsofaffinmu tun suna raye, mu tambaye su inda ƙafarsu ta taka.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.